Ƙararrawar Gidan Mai Lofe

A ja na uku ƙararrawar ta fashe.

Ranar Asabar ce da hantsi, zauren Gidan Mai Lofe da ke Chanchaga ya cika da 'yan biki. Al'adar wurin ce, duk auren da aka yi walimarsa a nan sai an kaɗa wa ango da amarya ƙararrawar da ke rataye a wani ɗan ɗaki can ƙololuwar bene. Wan amarya ya kama igiya ya ja. Maimakon amon nan da ake jiyowa har bakin gada, sai aka ji wani ƙwal marar daɗi, kamar an buga murfin tukunya. Ya sake ja. A na uku wani yanki ya ɓalle, ya gangaro ta kan kwano, ya faɗo gaban teburin manyan baƙi. Wani tsoho ya ɗauka ya juya shi. Cikinsa duk ramuka ne, har da guntun kan famfo da bai gama narkewa ba.

"Wannan ba ƙararrawarmu ba ce," in ji shi.

Kafin minti goma an sami ɓarawo. Mutanenmu ba sa ɓata lokaci wajen wannan aikin, musamman idan akwai talaka a kusa.

Da Sufeto Jummai Kambai ta iso, ta tarar da Baba Ndagi, mai kula da gidan, zaune a ƙasa, rigarsa a yage, hularsa cikin kwata. Shekararsa saba'in da ɗaya. Waɗanda suka zagaye shi suna zagi, wasunsu ko hannun shinkafar biki ba su wanke ba. A gefe kuma ga Alhaji Ladan Maiwada, ciyaman ɗin kwamitin gidan, tsohon darakta, cikin babbar riga mai ruwan madara, yana girgiza kai yadda kowa zai gani.

"Sufeto, ba zan wahalar da ke ba," ya ce. "Babu mai hawa wurin ƙararrawar nan sai shi. Kuma Banufe ne mutumin Bida, danginsa duk maƙeran tagulla ne. Ki haɗa da kanki. Abin da ya fi ƙona mini rai, wata guda da ya wuce ni na ɗauke shi a motata na kai shi Kaduna aka cire masa yanar ido. Ga sakayyata."

"Ka gan shi ya ɗauka, Alhaji?"

"Sai na gani? Ranar Laraba kwamiti zai zauna. Za mu fitar da kayansa daga ɗakin baya, sauran kuma aikinku ne."

Jummai ta sa aka ɗauko hular, ta sa tsohon a mota. Ta kai shi ofis ne don kada a ƙarasa shi, amma ta san yadda unguwa za ta karanta abin.

Wanda bai san gidan ba zai yi mamakin wannan hayaniya a kan ƙarfe. Wani Bature ne, injiniyan jirgin ƙasa, ya gina shi shekaru fiye da ɗari da suka wuce, nesa da gari, kusa da kogi. Bakinsa ba ya rabo da lofen shan taba, shi ya sa sunan ya bi gidan. An ce gidan ubansa na ƙauyen Ingila ya kwaikwayo, irin ginin zamanin Sarauniya Biktoriya, bai rage komai ba, har da murhun jin ɗumi a kowane ɗaki, a zafin Minna. Daga can ya zo da ƙararrawar, ta kiran barori cin abinci. Da ya tafi, gidan ya zama masaukin baƙi. Daga nan ya yi shekara talatin yana asibitin haihuwa, kuma ungozomomi suka mayar da ita al'ada, duk macen da ta sauka lafiya sai a kaɗa. Ya yi zaman kotu, ya yi zaman jemagu da awaki, kafin mutanen unguwa su karɓe shi su mai da shi zauren taro da ɗakin karatu. Rabin dattawan Chanchaga da amon ƙararrawar nan aka sanar da zuwansu duniya. Baba Ndagi na cikinsu. Ubansa ne mai ban ruwan furannin asibitin, kuma a ɗakin bayan nan da ake shirin korarsa ya yi rarrafe.

A ofis Jummai ta ba shi ruwa, ta zauna.

"Baba, yaushe rabonka da hawa sama?"

"Juma'a biyar ke nan, 'yata. Likita ya ce kada in hau tsani, kada in sunkuya, sai bayan sati shida."

"Da can fa?"

"Duk Juma'a. In goge ta da lemun tsami da toka. Shekara arba'in da huɗu."

"Kwana nawa ka yi a Kaduna?"

"Shida. Ciyaman ya ce in zauna wurin ƙaninsa in huta."

"A lokacin wa ke kula da gidan?"

"An rufe, ana fenti. Saboda bikin littafin da Ciyaman ya rubuta na tarihin gidan."

Ta buɗe jaka ta fito da yankin da ya faɗo, ta ajiye a gabansa. Bai kalla ba. Ya ɗauka ya bi bayansa da yatsa, yadda ya saba tun idonsa na da yana. Yatsan ya tsaya. Ya sake bi. Sai ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba.

"Wa ya sa rubutu a nan?"

"Ba haka ta asalin take ba?"

"Da can. Sunan waɗanda suka ƙera ta da shekara, a zagaye. Amma na cinye shi da toka tun kafin a haife ki. Yanzu santsi ne, sai ka karkata kai a rana kake ganin inuwarsa. Wannan kuwa har yana yankar hannu." Ya ajiye. "Kuma ki hau ki duba bakinta ta wajen gabas. Tamu tana da giɓi, faɗin yatsa biyu. Iska ta taɓa kayar da ita shekarar da na yi aure."

Da la'asar ta koma ta hau. Tsani ne na katako mai hawa ashirin da biyu, wurin ƙunci, warin kashin jemage kamar zai kayar da mutum. Ta haska da waya. Bakin ƙararrawar a zagaye yake lafiya lau, ban da inda ya fashe da safe. Babu giɓi ta gabas. Lambobin 1887 a tsaye suke raɗau. Ta sauko da yanar gizo a ɗankwali, da tambaya ɗaya a ranta: mutumin da ya goge rubutu da hannunsa, don me zai sa a ƙera jabu mai rubutu?

Ranar Litinin ta nemi mai fenti. Abdulwasiu sunansa, jikan ma'aikatan reluwe ne, shagonsa na Kpakungu. Ta same shi yana dama fenti a bokiti.

"Kai ka kafa gorar hawa a jikin benen?"

"Ni ne, Madam. Har sama."

"To kai ne ke da hanyar sauko da abu mai nauyin buhun siminti biyu."

Ya ajiye sandar damawa. "Wallahi tallahi, Madam, ni fenti na sani. Kwana uku na yi ina shafa ɗakin ƙararrawar, kaina yana bugunta. Ko taɓa ta ban yi da niyya ba."

"Ka lura da ita?"

"Sosai. Tsohuwa ce, ta sha guga. Tana da ɗan giɓi kamar haƙorin tsohuwa."

"An taɓa tsayar da aikin?"

"Sau ɗaya. Ranar Alhamis Ciyaman ya kira ni ya ce kalar ba ta yi masa ba, mu tafi sai Litinin. Da muka dawo ya ce a ci gaba da kalar da ya ƙi. Kuma igiyata. Ni ɗaurin reluwe nake yi, wanda kakana ya koya mini. Na dawo na tarar da ɗaurin masu lodin doya."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wa zan faɗa wa, Madam? Shi?"

Daga nan ta wuce Tunga, inda Stephen, sakataren gidan, ke da shagon buga takardu. Shi ke riƙe da makullan zaure. Tun kafin ta zauna gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Makullai suna hannunka a satin fenti?"

"Har ranar Alhamis. Ciyaman ya karɓa, ya ce zai shiga ɗakin karatu ya duba wani abu. Ya dawo mini da su Lahadi bayan na taso daga coci."

"Ka taɓa hawa sama?"

"Duk Disamba. Ni ke ɗaura lasifika a can."

"Akwai hoton ƙararrawar a ofishinku?"

"Babu. Wa zai ɗauki hoto a wannan duhun? Sai dai na akwatin."

"Wane akwati?"

Tsohon akwatin ƙarfe ne, in ji Stephen, da aka tono a ƙarƙashin matakala shekara biyu da suka wuce, cike da takardun Baturen. Ciyaman ya kai shi gida a ranar, don aikin littafi. Tun daga nan a kowane taro sai ya yi musu albishir da wani hoto da ba wanda ya taɓa gani, na ƙararrawar a ƙasa ranar da za a rataye ta, da takardar maƙeranta mai ɗauke da awonta. Ya ce sai ranar ƙaddamar da littafi idon kowa zai gan su.

"Kai ka gani?"

"Ko ni da na buga masa littafin, ya bar shafin hoton babu komai."

Jummai ta fito ta tsaya a bakin titi, masu keke napep suna ta yi mata hon. Ta yi shekara goma sha shida tana aikin nan, ta kama masu yankan aljihu da masu fasa shago, kuma yawancinsu ba ta jin ƙyamarsu, yunwa ce ko wauta. Wannan daban ne. Ta tofar da yawu, abin da ba ta yi a titi.

Talata da sassafe ta kama hanyar Bida. A unguwar maƙeran tagulla gida uku kacal ke iya zuba abu mai girman haka. A na biyu ta sami Zikrullahi, mutum mai ƙonannun yatsu da fara'a. Da ta nuna masa yankin, fara'ar ta ɗauke.

"Aikina ne. Me ya same ta?"

"An kaɗa ta."

"An kaɗa?" Ya miƙe tsaye. "Wane marar hankali ne ya kaɗa? Na faɗa masa, na sake faɗa masa, wannan ta ado ce. Da tsofaffin famfo da kwaɗo na zuba ta. Ya ce a gilashi za a sa ta, a gidan tarihi."

"Wane ne?"

"Bai faɗi suna ba. Amma ya zauna nan a kan turmin nan ya yi mini lacca ta awa guda a kan Turawan reluwe, har wutata ta mutu."

"Ya kawo maka ta asalin ka gani?"

"A'a, hoto ne da takardar awo. Ya hana ni riƙewa, wai hannuna da datti. Shi ya riƙe na ɗauka a waya."

Ya lalubo ya miƙa mata. Tsohon hoto ne mai ruwan ƙasa: ƙararrawa a kan katako, Bature da lofe a gefe, rubutu raɗau, baki lafiya lau. A kusurwar hoton ga babban yatsa, ga zoben azurfa mai jan dutse.

Ranar Laraba kwamiti ya zauna a ɗakin karatu, mutum bakwai, da lemo da biskit. An riga an fito da kayan Baba Ndagi tun kafin a yanke hukunci: katifa, buta, rediyo da akwatin kwali, an jibge su a gindin mangwaro. Jummai ta wuce su ta shiga. Ta sa Stephen da Abdulwasiu suka tsaya a bakin ƙofa.

"Alhaji, ina rubuta rahoto, kuma an ce babu wanda ya san ƙararrawar nan kamarka. Ka siffanta mini ita."

Ai kuwa ta sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya gyara zama, ya cire tabarau. Ya faɗi tsayinta da faɗinta har da rabin inci. Ya faɗi sunan maƙeran Ingila da ke zagaye da ita, harafi bayan harafi, "raɗau kamar jiya aka zuba". Ya yi bayanin bakinta, yadda ya zagayo sumul babu tabo, shaidar aikin mutanen da.

"Yaushe ka gan ta haka?"

"Sufeto, shekara biyu ina nazarinta."

"Na ji. Yaushe ka hau sama ka gan ta?"

Ya yi murmushi ya dubi 'yan kwamiti. "Ni da tsani? Ai akwai ma'aikata."

"Stephen, akwai rubutu a jikinta?"

"Ya goge, ranki ya daɗe."

"Abdulwasiu, bakinta fa?"

"Da giɓi, Madam."

Ta juyo ga teburin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wanda ya yi satar nan yana bukatar jabu a shirye kafin ya taɓa ta asalin, don kada a wayi gari a ga wurin fanko. Da Baba Ndagi ne ya ba da aikin, da jabun ya zo da santsi da giɓi, don shi ya san kowane tabo a jikinta. Da Abdulwasiu ne, kwana uku ya yi kansa na bugunta, ga waya a aljihunsa. Stephen yana ganinta duk shekara. Duk wanda ya taɓa ganinta da ido ba zai yi wannan kuskuren ba. An ƙera jabun nan ne yadda ƙararrawar take shekara ɗari da suka wuce. Mutum ɗaya ne a garin nan ya san ta a haka, kuma a haka kaɗai ya san ta, don shekararsa tara yana shugabancin gidan nan bai taɓa taka hawa ashirin da biyu ya duba abin da yake rubutu a kai ba."

"Wannan cin mutunci ne! Kin san ko ni wane ne?"

"Ka sallami masu fenti ranar Alhamis. A ranar ka karɓi makullai. Ka kawo masu lodi daga wani wuri suka yi amfani da gorar da igiyar da aka bari. Saura mutum ɗaya da ba ya barin gidan ko da rana ɗaya, kuma yatsunsa kaɗai sun isa su tona ka. Shi ne ka kai Kaduna. Ka san likita zai hana shi hawa sati shida. Kafin nan an yi bikin littafi, an tafa maka, in ma abin ya fito daga baya, ga Banufe a ɗakin baya."

Ta ajiye wayarta a kan tebur, hoton a buɗe. Idanun 'yan kwamiti suka sauka a kan jan dutsen, sannan suka koma kan zoben da ke hannun Alhaji. Ya janye hannun ya sa cikin riga, kamar yaron da aka kama da nama.

"Maƙerin yana mota a waje," ta ce. "Yana so ya ji dalilin da ya sa aka kaɗa masa aiki."

Abin da ya fi ba ta ƙyama shi ne bai ji kunya ba. Da ya ga babu mafita, sai ya koma lacca.

"Wa ya san darajarta a garin nan in ba ni ba? Kuna kaɗa ta wa masu cin shinkafa! Wannan jahilin ya goge mata tarihi da toka! Inda za ta je za a sa ta a gilashi, masana su gani."

"Ina take?" in ji Jummai.

Ashe wani dillalin kayan tarihi a Legas ya sayar wa. Da aka bi sawu, an tarar ta bar ƙasar sati uku da suka wuce. Har yau ana ta rubuta takardu.

Kafin ta kai shi mota, uku daga cikin 'yan kwamitin sun sha gabanta. A yi haƙuri, a rufa asiri, dattijo ne, yana da iyali, yana da hawan jini, a bar su su sasanta a cikin gida. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Duk ukun suna wurin ranar Asabar, kuma ba ta ji wanda ya tuna cewa Baba Ndagi ma dattijo ne ba.

"Ku mayar masa da kayansa ɗaki," ta ce. "Ku da kanku. Kada in ga kun aiki kowa."

Da azahar ta sa hannu a takardar sakin Baba Ndagi, ta kawo shi gida a motarta. A hanya ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, har da dalilin tafiya Kaduna. Suka tarar da mutane a ƙofar gidan, waɗanda suka zage shi ranar Asabar, yanzu kowa na cewa shi dama bai yarda ba. Bai kalli kowa ba. Ta miƙa hannu ta buɗe masa ƙofa, amma bai fita ba.

"'Yata, ke kin yi karatu. Zan tambaye ki wani abu."

"Ina ji, Baba."

"Tun ranar da aka buɗe mini idon nan, ban yi salla ɗaya ba sai na ambaci sunan Ciyaman. Shi da iyayensa da 'ya'yansa. Ko a ɗakin da kuka rufe ni ban fasa ba, na ce ruɗe shi aka yi, ba laifinsa ba ne." Ya goge fuska da yagaggen hannun rigarsa. "Wannan addu'ar, akwai yadda ake karɓo ta?"

Jummai ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

Ya jira kaɗan. Da bai ji amsa ba, ya sauko a hankali, ya ratsa ta tsakiyar masu ba shi haƙuri, ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa.